Allon Kwangila A Ƙofar Makarantarmu: Mun Taɓa Tsayawa Mun Karanta?

Da yawa daga cikinmu muna wuce shi kullum da safe. Allo ne a bakin ƙofar makaranta, ɗauke da sunan aiki, da hukumar da ta bayar da kwangilar, da kamfanin da ya karɓa. Wani lokaci allon har ya yi tsatsa amma ginin bai wuce linta ba, ɗalibai kuma suna cunkushe a tsohon aji mai yoyo. Mukan ce ai aikin gwamnati ne, mu wuce. Alhali kuɗin da aka ware na iyayenmu ne, ajin kuma mu aka ce za a gina wa.

Labarin Bagega ya isa ya nuna mana amfanin tambaya. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a wasu ƙauyukan Jihar Zamfara, sanadiyyar niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. A Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka, likitocin ƙungiyar MSF sun kasa fara ba yara magani, domin muddin ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasar ba, yaron da aka warkar gida zai koma ya sake kwasar gubar. A 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 don wannan aiki, amma watanni suka shuɗe kuɗi bai fito ba.

Wani matashi mai suna Hamzat Lawal da abokan aikinsa suka kafa shirin Follow The Money, wato bin diddigin kuɗi. Suka je ƙauyen, suka ɗauko hotuna da bayanan mazauna, suka yi ta tambaya a Twitter da kafafen yaɗa labarai: ina kuɗin Bagega? A farkon 2013 aka saki kuɗin, aka kwashe ƙasar, likitoci suka fara aikinsu.

Doka ma tana bayanmu. Dokar bayar da kwangilar gwamnati ta 2007 ta tanadi a tallata manyan kwangilolin tarayya, a kuma buɗe takardun masu nema a gaban jama'a. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuwa ta ba kowa damar rubuta wa hukuma takarda ya nemi bayani, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma an ba hukumar kwana 7 ta amsa. Ba kowace hukuma ce ke cika wa'adin ba, sai dai takardar da aka buga wa hatimin karɓa hujja ce a hannun mai ita.

To, mu ɗalibai daga ina za mu fara? Mu kwafe duk abin da ke jikin allon a littafi: sunan aikin, hukumar, kamfanin, da shekarar. Mu ƙirga abin da muka gani da idonmu: azuzuwa nawa, kujeru nawa, an sa rufi ko ba a sa ba. Sai mu kai wa malamin da ke kula da ƙungiyarmu ta muhawara ko ta 'yan jarida, ya taimaka mana mu gabatar wa kwamitin kula da makaranta, inda iyaye da masu unguwa ke zama. Akwai kuma shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT, wanda ke bibiyar ayyukan da aka sa a kasafin kuɗi.

Mu yi tambaya cikin ladabi, kada mu zargi kowa da sata ba tare da hujja ba. Wataƙila ɗan kwangilar ne ya gudu, wataƙila kuma shi ma ba a biya shi ba. Sai an tambaya ake sani. Ranar Litinin in mun iso bakin ƙofa, mu fito da biro.