"Haka Allah ya so": yadda masana ke binciken imani da ƙaddara

Idan damina ta ƙi, ko yaro ya rasu, maganar da ta fi saurin fitowa daga bakinmu ita ce "haka Allah ya so". Wasu baƙi da suka ji haka sun yanke hukunci cewa mutanen karkara ba su yarda da ƙoƙari ba, sun naɗe hannu suna jiran abin da zai zo. Shin gaskiya ne? Masana suna da hanyoyi daban-daban na binciken wannan tambaya. Bari mu duba guda uku.

Hanya ta farko ita ce ta malaman tauhidi. Tun ƙarnonin farko na Musulunci aka yi muhawara tsakanin Jabariyya, masu cewa mutum ba shi da zaɓi ko kaɗan, da Ƙadariyya, masu cewa mutum shi ke ƙagar aikinsa. Imam Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu wajen shekara ta 324 bayan Hijira, ya bi tsakiya: Allah ke halitta, amma bawa yana da kamashon abin da ya aikata, kuma za a tambaye shi. Malamai kan kawo labarin Sayyidina Umar, da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, sai ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko ƙaddara yake gudu, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Ke nan a wurin malamai, imani da ƙaddara bai ɗauke wa kowa nauyin riƙon sababi ba.

Hanya ta biyu ita ce ta masana halayyar ɗan Adam, masu aiki da takardar tambayoyi. A 1966 wani Ba'amurke, Julian Rotter, ya fito da ma'aunin da ke gwada ko mutum yana ganin ragamar rayuwarsa a hannunsa take, ko a hannun sa'a da wasu mutane. Akwai kuma babban binciken ra'ayoyin jama'ar duniya da aka fara a 1981, inda ake cewa mutum ya zaɓi lamba daga 1 zuwa 10 kan yawan ikon da yake jin yana da shi a rayuwarsa. Amfanin wannan hanya shi ne ana iya kwatanta ƙasa da ƙasa. Amma tana da rauni. Ka tambayi dattijo a Tasawa wa ke riƙe da gobensa, ladabin addini zai sa ya ce Allah. Sai takarda ta lissafa shi cikin masu naɗe hannu, alhali tun asuba yake gona.

Hanya ta uku ita ce zama da mutane a ga abin da suke yi. Wani Baturen Ingila, Evans-Pritchard, ya zauna da ƙabilar Azande a yankin da yanzu yake Sudan ta Kudu, ya fitar da littafinsa a 1937. Ya ba da misalin rumbu da ya faɗa kan mutanen da ke hutawa a inuwarsa. Azande sun san sarai gara ce ta ci ƙafafun rumbun. Abin da suke nema shi ne dalilin da ya sa ya faɗi a daidai wannan lokaci, kan waɗannan mutane. Su maita suke ɗora wa, mu kuwa ƙaddara muke cewa, amma darasin ɗaya ne: tambayar "yaya aka yi" daban, tambayar "don me ni" daban. Mutum na iya amsa ta biyu da ƙaddara, ya kuma tashi ya gyara rumbunsa.

Muna da shaida a gida. Bayan yunwar 1984, manoman jihar Maradi, sannan na Damagaram, sun rungumi sassaben zamani, suna barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonaki suna yi musu gyara. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5. Manoman da suka yi wannan aiki su ne dai masu cewa "in Allah ya yarda" a kowace magana.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Idan ma'aikaci ko ɗan furoje ya ɗauka ƙaddara ce ta hana mace zuwa awon ciki, ba zai tambayi nisan likita ba, ko kuɗin mota, ko irin tarbar da aka yi mata zuwan farko. Laifi ya koma kan talaka, gyara kuma bai zo ba. Mu ma sai mu duba kanmu. Uban da ya hana a yi wa ɗansa allurar rigakafin ƙyanda, ko ya bar gidan sauro a naɗe cikin damina, sakaci ya yi, ko da wane suna ya kira shi.

Ƙaddara tana sanyaya zuciya bayan abu ya faru. Kafin ya faru kuwa, Hausawa sun riga sun faɗa: Allah ya ce tashi in taimake ka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare na gida da na tafiya.