Na'urar Gano Ƙarfe da Kayan Tarihin Birnin Kudu

Na'urar gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa ba ta da wuyar fahimta. Faifan da ke ƙarshen sandarta yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. In ya tarar da ƙarfe, sai ta yi ƙara. Masu araha ba su cika jin tsabar kuɗin da ya wuce zurfin santimita 25 ba.

Irin na masu koyo guda huɗu sun shahara. Bounty Hunter Tracker IV ita ce mafi sauƙin sarrafawa, amma ba ta nuna lambar da ake gane irin ƙarfe da ita. Garrett ACE 300 ta Amurka tana nuna lambar, don haka ana iya bambanta ƙusa da azurfa. Minelab Vanquish 340, ta kamfanin Ostareliya, tana aika zango da yawa lokaci guda. Nokta Simplex ta Turkiyya kuwa tana shiga ruwa, kuma ana iya daidaita ta da irin ƙasar wuri. Wannan daidaitawa ita ce abin dubawa a nan, domin jar ƙasa da marmara suna ɗauke da sinadarin ƙarfe mai rikita na'ura ta yi ta ƙara a banza.

Me mutum zai samu? Anini mai huda, wanda Turawa suka fara bugawa a 1907, da kwabo da sisi da sule na kafin zuwan naira a 1973, sai zobe ko munduwar da ta faɗi. Wuri kuwa ba ya amsawa, don ba ƙarfe ba ne.

To, amma akwai abin lura. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu akwai zanen shanu na mutanen da, waɗanda Bernard Fagg ya nazarta a shekarun 1950. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta haramta haƙa don neman kayan tarihi ba tare da izini ba. Dalili shi ne, abin da aka tone da gaggawa ya rabu da shaidarsa, wato zurfinsa da abubuwan da ke kewaye da shi, waɗanda masana ke gane shekarunsa da su.

Saboda haka ɗalibi ko ma'aikacin da ya sayi na'ura, a Birnin Kudu ko Gwaram, ya nemi yardar mai gona, ya nisanci kufai da maƙabarta da gindin duwatsu. In ya ci karo da tsohon abu, ya bar shi inda yake, ya sanar da hukuma.