Wayoyi biyu, atamfa ɗaya: wacce ce ke faɗin gaskiyar kala?

A da, in mutum zai sari kaya sai ya zo da ƙafarsa, ya ɗaga zane ga rana, ya murza bakinsa ya ji ko sitaci ne ya riƙe shi. Yanzu rabin cinikinmu a waya yake ƙarewa. Mu da muke Kwatano, kwastomominmu suna Kano, Sakkwato, Maraɗi da Yamai, kuma abin da suke gani kafin su turo kuɗi hoto ne kawai. Hoton ne samfur, shi ne kuma shaida ranar da rigima ta tashi. Duk wanda ya taɓa sayar da ankon biki ya san irin rigimar: an biya kuɗin turmi talatin, kaya sun isa, uwar amarya ta kwance ta ga ruwan hanta, ta ce ita ja ta gani a hoto. Mayar da kaya daga Kano zuwa Kwatano kuwa, kuɗin mota da na kan iyaka kaɗai sun isa su cinye ribar, ga zumunci ya yi tsami.

Saboda haka a wurin ɗan kasuwa, zancen kyamarar waya zancen jari ne.

Ni atamfa, leshi da shadda nake sayarwa a Missebo. Da tawa wayar ta fara gajiya, sai ya dace ƙanina da maƙwabciyata a kasuwa duk sun sayi sababbi. Girmansu ɗaya, kowacce da idanu uku a baya, bambancin kuɗinsu bai kai na turmin atamfa mai kyau ba. Ta ƙanina an rubuta mata megafiksel 108, ta maƙwabciyata 50. Na roƙe su aron kwana uku don in gwada kafin in zuba kuɗina. Ba zan faɗi sunan kamfani ba, kada a ce talla aka biya ni. Mu kira su mai 108 da mai 50.

Lambar da ke jikin kwali

Da na karɓi ta ƙanina cewa ya yi, "Yaya, ai ba sai kin wahalar da kanki ba. Ɗari da takwas da hamsin fa, ko ɗan firamare ya san wanda ya fi."

To amma ga yadda abin yake. Megafiksel ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ne na hoto. Farantin da ke karɓar haske a bayan idon kyamarar waya ɗan mitsitsi ne, bai kai farcen yatsa ba. In aka cusa masa ɗigo miliyan 108, kowane ɗigo ya zama ƙanƙani, hasken da yake samu kaɗan ne. Shi ya sa irin wannan waya take haɗa ɗigo tara su zama ɗaya, hoton da take ba ka a kullum ya koma megafiksel 12. Mai 50 kuma huɗu take haɗawa, ta ba ka 12 da rabi. Ka ga ke nan a ɗaukar yau da kullum kusan kunnen doki suke. Sai ka shiga saiti ka zaɓi cikakkiyar lambar da kanka, kuma ko ita sai da rana tsaka take amfani, ga cin wurin ajiya.

Haka ma idanun nan uku. A yawancin wayoyi masu matsakaicin kuɗi, ido ɗaya ne ke ɗaukar nauyin aikin. Sauran sau da yawa 'yan megafiksel 2 ne, ɗaya na ɗaukar abu kusa-kusa, ɗaya na taimakawa a dusashe bayan mutum. Kada yawan ido ya ruɗe ka.

Gwajin kala

Na zaɓi zannuwa huɗu masu wuyar sha'ani: ruwan hanta, shunayya, ruwan goro da ruwan bula. Na shimfiɗa su a bakin shago, a inuwa, wajen ƙarfe goma na safe, na ajiye farar takarda a gefe. Na tsaya wuri ɗaya na ɗauka da kowacce waya.

In don burgewa ne, mai 108 ta yi gaba. Hotonta ƙal-ƙal, kala ta tashi kamar an wanke zanen da man shanu. Sai dai ruwan hantar ya matsa wajen ja, ruwan goron ya ƙara wuta, shunayyar kuma ta koma kusan shuɗi. Mai 50 hotonta bai yi wannan ƙyallin ba, har ƙanina ya ce "wannan ai kamar zanen ya sha wanki". Amma da na ajiye wayar a gefen zanen, ita ce ta fi kusa da abin da ido yake gani, ban da shunayya da ita ma ta ɗan kauce mata. Shunayya da ja mai duhu dama sun saba ba kyamarar waya wahala.

Dalili shi ne waya ba ta ba ka hoto ɗanye. Kafin ka gani, manhajar ciki ta riga ta dafa shi: ta ƙara kala, ta ƙara haske, ta goge abin da take zaton datti ne. Kowane kamfani da irin hannun girkinsa. Da na kashe alamar AI da ke saman allon mai 108, sai kalar ta ɗan sauko, ta matso kusa da gaskiya. Wannan ɗan maɓallin ya kamata duk mai sayar da zane ya san inda yake.

Cikin shago

Shagunanmu ba taga, kwan lantarki muke kunnawa ko da rana. A nan ne hoto ya fi yin ƙarya. Farin kwai mai sanyin haske yana jan kala zuwa shuɗi, mai ɗumi yana jan ta zuwa ruwan ɗorawa, ita kuma waya sai ta yi ta hasashen mene ne fari a wurin. Farar takardar nan ita ce alƙali. A hoton mai 50 ta fito fara da ɗan duhu. A na mai 108 ta fito da haske sosai amma ta yi ruwan madara, kuma duk abin da ya sami takardar ya sami zanen.

Da magariba, da haske ya ragu, mai 108 ta fi fito da hoto mai haske, sai dai ta shafe saƙar zanen ya zama sumul kamar leda. Mai 50 ta bar ɗan yashi-yashi a hoton, amma ana ganin zare. Filasha kuwa ban ba kowa shawarar kunna ta a kan kaya ba, dukansu biyu ɓata kala suka yi.

Shadda, leshi da rubutun baki

Mai sayen shadda ƙyalli yake nema da zanen da ke cikin saƙar. Mai sayen atamfar Holan ta Vlisco, ko shaddar Getzner ta Ostiriya, zai ce ka ɗauko masa rubutun bakin zane, lamba da tambari, saboda jabu ya yi yawa. A nan mai 108 ta rama. Da rana, da na sa ta a cikakkiyar lambarta, na ja hoton da yatsa biyu, ƙananan haruffan sun fito tar, har ana iya ƙirga duwatsun leshi. Mai 50 ta karanta rubutun, amma da an ƙara zuƙowa sai ya fara narkewa.

Abu ɗaya da suka yi tarayya a kai: in ka kusanto da waya sosai, hoton dushewa yake yi. Ja baya kamar taƙi ɗaya da rabi, ka taɓa allon daidai kan rubutun, ka jira ya daidaita. Farar shadda kuma kada a ɗauke ta cikin rana, fari ne kawai zai fito ba zane. A karkata ta kaɗan a inuwa.

Fuskokinmu

Waya ba ta kasuwa kaɗai ba ce. Da ita tsofaffinmu a gida suke ganin jikokin da aka haifa a nan. Na tara yara da yamma, bayan sun dawo Islamiyya, sanye da fararen kaya, wanda shi ne gwaji mafi wuya: baƙar fata da farin tufafi a hoto ɗaya. Mai 50 ta kula da rigunan, fuskokin suka ɗan yi duhu sai da na taɓa fuskar ɗaya a allo. Mai 108 ta fito da fuska da kyau, amma kyamarar gabanta ta zo da gyaran fuska a kunne, ta haskaka ni har maƙwabciyata ta yi dariya ta ce, "Hajiya, yaushe kika fara shafe-shafe ba mu sani ba?"

Wannan batu na fata ba ƙarami ba ne a kasuwar waya. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno, Infinix da itel, yana cikin abin da ya yi suna da shi daidaita kyamara don baƙar fata, kuma ya daɗe yana kan gaba wajen sayar da waya a Afirka. Duk wayar da za ka saya, gwada ta a fuskar ɗan gidanku, ka kuma kashe gyaran fuskar. Inna jikanta take son gani, yadda Allah ya yi shi.

Bayan an tura

Gwaji na ƙarshe shi ya fi ba ni mamaki. Na tura hotunan duka ta WhatsApp zuwa wayar 'yata. WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data, abin da yake isa can bai wuce megafiksel biyu ko uku ba. Kaifin nan da mai 108 take taƙama da shi kusan duk ya tafi, amma kuskuren kalar ya isa lafiya lau. Tun 2023 akwai alamar HD da ake dannawa kafin a tura, tana rage asarar. In kuma kana son hoto ya je yadda yake, tura shi ta Document, kalmar ɗaya ce ko da Turanci ko da Faransanci aka saita wayar. Zai fi cin data, don haka a ajiye shi don hoton lamba da tambari.

Sannan akwai allon mai karɓa, wanda ba ka da iko da shi. Allon AMOLED yakan nuna kala da ƙarfi fiye da na LCD, wani kuma ya kunna saitin kare ido da ke mayar da komai ruwan ɗorawa. Hoto ɗaya, wayoyi uku, kala uku.

To wacce za a saya?

Ni mai 50 na zaɓa, domin abincina a kala yake. Mai sayar da kayan gyaran mota, agogo ko sarƙa, wanda kwastomansa lamba da ƙananan rubutu yake son gani, wataƙila mai 108 ta fi masa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

In za ka je sayen waya, tafi da ƙyallen kayan da kake sayarwa, musamman kala mai wuya, da farar takarda. Ɗauki hoto a cikin shagon, ka fita waje ka sake. Tura wa wani na kusa da kai ta WhatsApp, ku duba a wayarsa ga ƙyallen a hannu. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ka ba.

Wanda kuma ba shi da halin sauya waya yanzu, akwai gyaran da ba ya cin ko dala. Goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi kafin kowane hoto, don gumi da damshin Kwatano suna sa masa hazo. Ɗauki kaya a inuwa da safe ko bayan la'asar, da farar takarda a gefe. In oda babba ce, ƙara da ɗan bidiyo kana juya zanen, ka kuma faɗi sunan kalar da bakinka a saƙon murya: "Hajiya, wannan ruwan hanta ne, ya fi yadda kike gani duhu kaɗan." Wataƙila wannan maganar ta sa wata ta fasa saye yau. Amma wadda ta saya, in ta kwance kaya ta tarar da abin da aka faɗa mata, ita ce za ta ba dangin ango lambarka.