Faɗin Yatsa Ɗaya Ya Raba Gardama A Gasar Iyo

A watan Satumba na 1988, a wasannin Olamfik na birnin Seoul ta Koriya ta Kudu, an yi wata gasar iyo wadda har yanzu masu horar da 'yan wasa suke ba da misali da ita. Gasar ta mita 100 ce, watau zuwa da dawowa a tafki mai tsawon mita 50, irin wanda aka gina a filin wasa na ƙasa da ke Surulere a nan Ikko. Salon kuwa shi ne wanda Turawa suka laƙaba wa sunan malam-buɗe-littafi. Mai iyo yakan wurgo hannuwansa biyu tare ta saman ruwa, ƙafafunsa a haɗe suna kaɗawa kamar wutsiyar kifi, bugu biyu ga kowane jan hannu.

Matt Biondi na Amurka, wani dogo mai tsawon kamar mita biyu, shi ne a gaba har aka kusa gamawa. To, da ya zo dab da bango sai ya ga jansa na ƙarshe bai kai shi ba, in kuma ya sake wani zai yi yawa. Sai ya miƙa hannu ya bar ruwa ya ƙarasa da shi. Anthony Nesty, mutumin Suriname ta Kudancin Amurka, nasa jan ya faɗa daidai kan allon lantarkin da ke jikin bango. Agogo ya ba Nesty daƙiƙa 53.00, Biondi kuwa 53.01. In aka auna a cikin ruwa, tazarar ba ta wuce faɗin yatsa ba. Da wannan Nesty ya zama baƙar fata na farko da ya ci lambar zinariya ta iyo a Olamfik.

Dalili kuwa shi ne ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800. Da zarar mutum ya daina ja, nan take ruwa ya fara rage masa gudu. Wanda ya koyi iyo a kogin garinsu yakan ɗaga kai sama, ƙafafu su nutse, ya yi ta fama da ruwa da ƙarfin tsiya. Wannan ya isa a haye gulbi, amma ɗan gasa fuskarsa a ƙasa take, jikinsa a miƙe kamar gora, yana fitar da numfashi cikin ruwa don kada ya ɓata lokaci in ya ɗago.

Saboda haka ne ba a barin taɓa bango ga sa'a. A wajen horo ɗan wasa yakan ƙirga jan hannu nawa ke kai shi ƙarshen tafki, ya yi ta maimaitawa har jikinsa ya riƙe lissafin. Akan ajiye babban agogo a bakin ruwa, a ce ya yi mita 100 sau goma, kowanne ya tashi a kan ƙayyadadden lokaci. Wanda ya yi sanyin jiki hutunsa ne ke raguwa. Akwai kuma aikin ƙafa zalla, inda zai riƙe ɗan allo mai tasowa a ruwa, da aikin hannu zalla. In babbar gasa ta matso akan rage yawan aikin na 'yan makonni don jiki ya murmure.

Abin mamaki, shekara ashirin bayan haka tarihi ya maimaita kansa a Beijing cikin 2008, a wannan gasa dai. Milorad Cavic na Sabiya ya miƙa hannu irin na Biondi, Michael Phelps kuwa ya ƙara rabin ja, ya ci da 50.58, Cavic yana da 50.59. Shi Nesty daga baya ya zama mai horarwa a Jami'ar Florida, kuma shi ya shugabanci masu horar da mazan Amurka a Olamfik na Paris cikin 2024.