Tuwo Mai Zafi a Cikin Leda

Sinadaran da likitoci ke kira homon su ne 'yan aiken jiki. Su ke tsara girman yaro, lokacin balaga, al'adar mace, ƙarfin maniyyi da yadda jiki ke sarrafa sukari. Ɗan mitsitsi ya ishe su aiki, shi ya sa baƙon sinadarin da ya yi kama da su ke iya rikita saƙon ko da bai da yawa.

Wanda ya fi suna shi ne BPA, da ake sakawa a wasu robobi masu tauri, da shafen cikin gwangwanin abinci, da takardar rasit irin wadda na'urar POS ke fitarwa. Tun shekarun 1930 masana a Ingila suka gano yana kwaikwayon homon ɗin mata. Duk da haka sai a 2011 Tarayyar Turai ta hana shi a fidar jarirai, a 2024 kuma ta yanke shawarar hana shi a kayan da ke taɓa abinci. Akwai kuma dangin fitalet, masu sa roba laushi, su sa ƙamshin turare ya daɗe. Ɗan tayi da jariri su aka fi jiye wa, domin lokacin ne gaɓoɓi ke ginuwa.

Abin da ya fi damuna a gidajenmu shi ne zafi. Zafi da maiƙo suna janyo sinadaran roba su shiga abinci, mu kuwa kullum muna haɗa ukun: a kwashe tuwo yana tururi a ƙulle a leda, a dafa alala da manja a leda cikin tafasasshen ruwa, a zuba koko a leda a miƙa wa ɗan makaranta. Ba kowace leda ke da BPA ba, amma ledar da muke ƙulla abinci ba don tukunya aka yi ta ba.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A kwashe tuwo a kwanon silba ko langa, alala ta koma ganye ko ƙananan kwanoni. Kada a bar ruwan leda yana gasuwa a rana. Tsohuwar fidar da ta kakkarce a jefar, a shayar da jariri da ƙaramin kofi. Mai POS da ke damƙar rasit tun safe, musamman mai juna biyu, ta wanke hannu da sabulu kafin ta ci abinci.