Sallamar Mai Gudu

Duk wanda ya bi ta Filin Sukuwa na Kano, ko Dandalin Murtala na Kaduna, bayan an idar da sallar asuba, zai iske samari da magidanta, har da dattawan da likita ya gargaɗa saboda hawan jini da ciwon sukari, suna sassarfa suna haki. Kuma da yake Bahaushe bai saba wuce ɗan'uwansa baki rufe ba, sai wata mas'ala ta taso wadda kakanninmu ba su sani ba, domin a zamaninsu babba ba ya gudu sai an koro shi. Wa zai fara gaida wani, kuma da wace irin gaisuwa?

Gaisuwarmu doguwa ce, sai an tambayi kwana da gajiya da iyali, yaro ya rusuna, alhali mai gudu numfashinsa ƙididdigagge ne, in ya tsaya wa kowane masani jikinsa ya yi sanyi, fitar ta zama banza. Amma shari'a ba ta bar mu cikin ruɗu ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa mahayi ne ke fara sallama ga mai tafiya a ƙasa, mai tafiya ga na zaune, 'yan kaɗan ga masu yawa. Kuma a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiranmu ke karantawa a zaure, farawa sunna ce, amsawa wajibi, mutum guda kuwa yana isar wa jama'arsa. A ganina, bisa ƙiyasi, mai gudu ya fi kusa da hukuncin mahayi, domin shi ne ke tahowa da sauri cikin duhun asuba, takunsa yana razana mai gadi da ke gyangyaɗi da tsohon da ya fito masallaci, saboda haka shi ya kamata ya fara furta aminci, tun kafin ya iso, da muryar da za a ji.

Ɗaga hannu kaɗai bai wadatar ba. Imam Nawawi ya bayyana cewa ishara tana halatta idan an haɗa ta da lafazi. Su kuma dattawa, ina roƙonsu su karɓi wannan gajeriyar sallama, su amsa ta, su ƙara da “sannu da ƙoƙari”, kada su ɗauke ta raini don ba a tsuguna ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne matasan da ke toshe kunnuwa da na'urar jin sauti, a yi musu sallama su wuce, wajibi ya faɗi a kan titi ba wanda ya ɗauka. Cire ɗaya daga kunne ya isa magani. Mata masu fitowa motsa jiki kuwa, malamanmu na Malikiyya sun karhanta namiji ya yi wa budurwar da ba muharramarsa ba sallama, don haka haƙƙinta a kan mai gudu shi ne ya runtse ido, ya ba ta hanya.