Zaren Ulu: Me Ya Sa Ake Haɗa Gashi Biyu?

Mu da ke Kura da Bunkure mun san sanyin hunturu a bakin ruwan Kadawa, shi ya sa saƙa hula da rigar sanyin jarirai ke kawo kuɗi. To amma shi zaren da muke aiken yara su sayo mana, mene ne a cikinsa?

Ulu na gaskiya gashin tumaki ne, amma ba irin namu ba. Balami da Uda da 'Yankasa gashinsu ba ya kaɗuwa. Daga ƙasashe irin su Ostareliya ake samo shi. Akwai kuma alfaka, wata dabba dangin raƙumi, ƙarama, marar tozo, wadda aka fi kiwonta a duwatsun ƙasar Peru. Sau ɗaya a shekara ake yi mata aski.

Gashin alfaka ya fi laushi da ɗumi, sai dai yana da aibi guda: in ya miƙe ba ya komawa. Ki saƙa riga da shi zalla, bayan 'yan watanni wuya ya saki, hannu ya yi tsawo. Na tumaki kuwa a nannaɗe yake, kin ja ya dawo. Shi ya sa masaƙu ke haɗa su, misali kashi 70 na tumaki, 30 na alfaka. Kuma tun wajen shiɓa ake haɗawa, kafin a kai ga kaɗi. Wadda ta taɓa ganin kakarta da bakan shiɓa da mazari ta gane zancen: abin da bai gauraya a shiɓa ba, zarensa gab-gab zai fito.

Ga inda kuɗinki yake. Yawancin abin da ake kira ulu a kasuwanninmu na roba ne, ba laifi ba ne, amma kada a sayar miki da shi a farashin na gaskiya. Yanki ɗan guntu ki kusantar da shi ga ashana. Na gashi zai yi ƙaurin ƙona kan rago, ya bar toka mai murtsukuwa. Na roba zai narke ya dunƙule da tauri, don haka a nesanta yaron da ke sanye da shi daga murhu.

Wanki kuma, ruwan sanyi, ban da cuɗa da murɗa. A shimfiɗa a inuwa, kada a rataya a igiya.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.